Tambaya da Amsa: Aikin Talaka Wajen Tsare Zaman Lafiya

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan fitowa duk hanya ɗaya suka bi: mutum ba gwamna ba, ba kwamishinan 'yan sanda ba, me zai yi da hannunsa don kada fitina ta tashi a garinsu? Mun zaɓi biyar, muka miƙa su ga waɗanda sasanci ya zama aikinsu, wato masu shiga tsakanin manoma da makiyaya, da malaman gona, da masu horar da kwamitocin unguwa. Ga amsoshinsu.

TAMBAYA: Ni manomi ne a ƙasar Gumel. Kusan kowace kaka sai shanu sun shiga mana gona, bara ma saura ƙiris a zubar da jini. Idan na iske ɓarna, me zan yi wanda ba zan yi asara ba, kuma ba zan tayar da rigima ba?

AMSA: Malam, Allah ya ba da amfani mai albarka. Abin da ka yi a awa biyun farko shi ke nuna inda maganar za ta ƙare. Kada ka doki mai kiwon, kada ka sari saniya, kada ka kora garken zuwa gidanka ka tsare. Galibi yaro ne ƙarami ke biye da shanun, kuma dukansa ne ke mayar da maganar hatsi ta koma maganar jini. In ka ji wa saniya rauni, kai ma ka zama wanda ake bi, kuma kuɗin saniya ɗaya sau da yawa ya ninka ɓarnar da aka yi maka.

Ka kira mutum biyu su gani da idonsu. Ka ɗauki hoton wurin, da sawun shanun, da kashinsu, da inda suka fita. Ka sanar da mai unguwa a ranar, shi kuma ya aika wa Arɗo. Idan aka kwana biyu, iska ta share sawu ko wani garken ya bi ta wurin, sai a kama wanda bai ji ba bai gani ba, kuma wannan zalunci shi ma fitina yake haifarwa.

Masu kimanta ɓarna su zama mutum biyar: wakilin dagaci, sarkin noma, wakilin Arɗo, malamin gona, da dattijo ɗaya da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Ba a kimantawa da ido daga bakin gona. Aunawa ake yi da taku, kuma mutum ɗaya ne zai yi takun duka, domin takun dogo da na gajere ba ɗaya ba ne. A ce gonarka taku 100 ce a tsawo, 80 a faɗi, in an ninka 8,000 ke nan. Inda shanu suka ci taku 40 ne a tsawo, 25 a faɗi, wato 1,000. Ɓarnar ta kama kashi 1 cikin 8. Idan gonar ta saba ba da dami 40 na gero, dami 5 ake bin mai shanu. Amma a shiga cikin wurin a ƙirga gindi 20 a kunya uku daban-daban. In rabinsu na tsaye lafiya, a raba lissafin biyu. Farashi kuwa na kasuwar da ta ci a makon za a ɗauka, ba na bazara lokacin tsada ba. In wake ne ko gyaɗa, a sa kuɗin harawa a ciki, domin ita ma dukiya ce.

Girman shukar ma abin dubawa ne. Gero ko dawa da aka ci suna ƙanana sukan sake tohowa muddin ruwa bai ɗauke ba, don haka a rubuta abin da aka gani, a dawo bayan mako biyu kafin a yanke. Masarar da ta yi goyo, da waken da ya fara 'ya'ya, ba sa dawowa. Nan take ake yanke nasu.

A biya a gaban dagaci da Arɗo, a rubuta takarda biyu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. In sai mai shanu ya sayar da dabba, a ba shi zuwa kasuwa mai zuwa. Abin da ya fi kashe irin wannan tsari shi ne kwaɗayin masu shiga tsakani. Inda aka karɓi kuɗi mai yawa a hannun makiyayi, aka miƙa wa manomi ɗan kaɗan, gobe ba wanda zai kawo ƙara: makiyayi zai gudu da dare, manomi zai ɗauki adda. A tsayar da ladan masu kimantawa tun farko, ɗan kaɗan, kowa ya san shi.

Duk wannan magani ne bayan ciwo ya kama. Aikin da ya fi shi ana yin sa ne tun kafin girbi. A Jamhuriyar Nijar, ƙarƙashin kundin dokokin karkara na 1993, akwai kwamitocin filaye har a matakin ƙauye, kuma kowace shekara hukuma kan sanar da ranar da za a saki gonaki ga dabbobi. Ba sai kun jira doka ba kafin ku yi haka a ƙauyenku. Ku zauna da Arɗo a farkon kaka ku sa rana: kafin ranar shanu ba sa shiga ko da gonar da aka girbe, bayan ranar duk wanda ya bar dami a gona shi ya so. A yarda ba kiwon dare, kuma babban garke ba a barin sa a hannun yara su kaɗai. Manoma su ma da nasu laifin: dokar wuraren kiwo ta Arewa tun 1965 take, amma burtali da mashaya da yawa gonaki sun cinye su, noman rani kuma ya rufe bakin fadama. Saniyar da aka toshe wa hanyar ruwa ta cikin gona za ta bi. Ku fita gayya, manomi da makiyayi, ku dasa aguwa ko bini-da-zugu a gefe biyu na burtali, tunda dabbobi ba sa cin su, iyaka ta fito fili. Kuma ku daina ƙona kara don kada shanu su ci. Tsohuwar al'adar nan ta makiyayi ya sauka a gona da rani, ya ci kara ya bar taki, a tsadar takin zamani ta yanzu riba ce ga manomi kafin ta zama alheri ga kowa.

TAMBAYA: Ni ne mai kula da zauren WhatsApp na matasan unguwarmu a Jos, mu fi 200. Da an ce wani abu ya faru sai hotunan gawarwaki su cika zauren. Ta yaya zan gane na gaskiya, kuma me zan yi da masu turawa?

AMSA: Ɗan'uwa, kujerar da kake kai ba ƙarama ba ce. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi, an yaɗa hotuna da bidiyoyi masu tayar da hankali a Facebook aka ce daga can suke. Binciken BBC ya gano daga baya cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a ƙasar Kwango aka ɗauke shi tun 2012, kuma 'yan sandan Filato sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya. Wanda ya tura daga ɗakinsa bai riƙe makami ba, amma da hannunsa a ciki.

Duba hoto ba ya cin minti uku. Ka sa shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a baya, a wace ƙasa, a wace shekara. In bidiyo ne, ka tsayar da shi, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka bincika da shi. Ka lura da lambar mota, da rubutun allunan shaguna, da kakin jami'an tsaro, da harshen da ake ji a baya. In ciyawa kore ce shar alhali ana tsakiyar rani, ka san da magana. Saƙon da WhatsApp ya sa wa alamar kibiya biyu, wato ya bi hannaye da yawa. Saƙon murya ya fi komai wuyar tantancewa. In mai magana bai faɗi sunansa ba, bai faɗi rana ba, bai faɗi takamaiman wuri ba, sai “suna nan tafe, ku tura wa kowa”, kada ya wuce ta hannunka. Ka kira mutum biyu da ke zaune a wurin da ake magana, waɗanda ba su san juna ba, ka tambayi kowanne abin da ya gani da idonsa, ba abin da ya ji ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat abin da ta yi umarni da shi ke nan: in labari ya zo, a bincika, don kada a cutar da mutane cikin rashin sani.

Ka rubuta ƙa'idoji uku ka maƙala a saman zauren: ba hoton gawa ko da na gaskiya ne, ba saƙon da ba a san tushensa ba, ba jingina laifin mutum ɗaya ga ƙabila ko addini. Ranar da gari ya ɗauki zafi, ka juya zauren ya zama masu kula kaɗai ke iya turawa, na kwana ɗaya ko biyu, ku riƙa sa abin da kuka tabbatar: wace hanya ce a buɗe, ƙarfe nawa dokar hana fita ke farawa. Kada ka yi shiru gaba ɗaya, domin inda ba labari jita-jita ce ke cike gurbin. Wanda ya karya ƙa'ida ka goge saƙon, ka kira shi shi kaɗai. Kunyata shi a gaban jama'a yakan sa ya fita ya buɗe nasa zauren, inda babu mai tsawata masa.

TAMBAYA: Na yi ritaya, shekaruna 68, ina zaune a wata unguwa a Kaduna da har yanzu Musulmi da Kirista ke maƙwabtaka. Mun taɓa kafa kwamitin zaman lafiya ya mutu. Yaya ake kafa wanda zai rayu?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Unguwa irin taku abin tattali ce, ganin yadda rikicin 2000 da na 2002 suka raba garin Kaduna, kowa ya koma ɓangaren da nasa suka fi yawa. Kwamitoci da yawa abu uku ke kashe su: an cika su da manya waɗanda matasa ba sa jin maganarsu, ba a haɗuwa sai rigima ta tashi, ko kuma ɗan siyasa ya shigo da kuɗi aka fara faɗan muƙami.

Kada ku wuce mutum 12. Liman da fasto da mai unguwa dole ne, amma ba su isa ba. Ku sa shugaban 'yan Keke Napep ko 'yan acaɓa, da wakilin 'yan kasuwa, da mata aƙalla uku, da matasa uku. A nan a kula: ba matashin da dattawa ke so za a ɗauko ba, wanda in ya ce wa abokansa “ku koma gida” za su koma, shi ake nema, ko da ba ya burge ku. Mai shayin bakin titi ma ya fi mutane da yawa sanin abin da ake ƙullawa da dare.

Ku zauna sau ɗaya a wata, awa ɗaya, wannan wata a harabar masallaci, wata mai zuwa a harabar coci ko makarantar firamare. Kowa ya riƙe takarda ɗaya mai lambobin wayar 'yan kwamiti, da ta DPO, da ta asibiti mafi kusa, da 112 ta gaggawa. Ku shiga kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na ofishin yankinku, domin ranar tashin hankali ba ranar fara gabatar da kai ba ce. Jihar Kaduna na da hukumar zaman lafiya tun 2017, ku kai mata sunayenku.

A zaman farko ku lissafa wuraren da rigima kan tashi, ku yi wa kowanne tsari. Manyan rikice-rikice da ƙananan abubuwa suka fara, a kan tsohon ƙulli da aka ƙi warwarewa. Na Zangon Kataf a 1992 a kan sauya wa kasuwa wuri ya tashi. Na Jos a ranar 7 ga Satumba 2001 ya fara ne da taƙaddamar wucewa ta hanyar da aka tare don sallar Juma'a. Saboda haka maganar tare hanya ranar Juma'a da Lahadi a yi ta a fili: daga ƙarfe nawa zuwa nawa, wace hanya za a bar wa masu wucewa, su wa za su tsaya, kuma a sa masu haƙuri ba masu zafin kai ba. Haka ƙarar lasifika da dare, da layin famfo, da filin ƙwallo, da haɗarin abin hawa.

Sai tsarin awar farko. Da an ji wani abu, mutum biyu su tafi wurin tare, Musulmi ɗaya Kirista ɗaya, jama'a su gan su kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya ji rauni a kai shi asibiti, wanda ake zargi a fitar da shi daga cikin taro a miƙa wa hukuma. Liman ya yi wa nasa magana, fasto ya yi wa nasa, da kalmomi iri ɗaya da aka amince da su. Kowa nasa zai tsawatar. Dattijon Musulmi ya tare matasan Kirista, ko akasin haka, yakan ƙara wa wutar mai ne. In akwai taubasantaka tsakanin masu rigimar da wani a cikinku, kamar ta Fulani da Barebari ko ta Kanawa da Zagezagi, a tura shi, domin taubashi na faɗin gaskiya mai ɗaci a yi dariya a karɓa. A Nijar wannan al'ada har ta shiga kundin UNESCO a 2014.

Kuma kada ku raina wanda ya taɓa riƙe makami. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, a garinku suke, kowannensu ya jagoranci matasa a faɗan addini, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Su ne daga baya suka kafa cibiyar sasanci tare, suka shiga tsakani a Yelwa da Shendam na Jihar Filato bayan kashe-kashen 2004. Tsufa ma ba uzuri ba ne: Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Jihar Filato ya haura shekara 80 lokacin da ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa a 2018.

TAMBAYA: Ni uwa ce a Bauchi. Ɗana mai shekara 19 ya fara bin 'yan sara-suka, na ga wuƙa a ƙarƙashin katifarsa, kuma duk lokacin siyasa yakan shigo da kuɗi. Mahaifinsa ya rasu. Ina zan fara?

AMSA: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a, kuma kin yi daidai da ba ki rufe ido ba. Kada ki yi masa baki, kada ki kore shi daga gida. Yaron da aka kora ba shi da wurin zuwa sai wajen waɗanda kike son raba shi da su. Ki zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, da safe ya fi, ki gaya masa kin ga wuƙar, ki tambaye shi wa yake tsoro. Da yawansu tsoro ne ya sa su riƙe makami, ko bashi, ko wata gaba da ke tsakanin unguwanni. Wuƙar kuwa kawunsa ko baffansa ya karɓa ya kai wa mai unguwa.

Ke kaɗai ba za ki iya ba. Ki nemo iyayen abokansa huɗu ko biyar mata, ku haɗa kai. Ku yarda a kan lokacin rufe ƙofa, ku yarda ba wadda za ta karɓi waya ko kuɗin da ba ta san tushensu ba, ba wadda za ta ɓoye ɗan wata in ya yi laifi. Uwa ɗaya yaro zai iya yi wa ƙarya cewa yana gidan su wane, biyar da ke kiran juna a waya ba zai iya ba. Ku je tare wurin mai unguwa da limami, su kira wanda ke raba wa yaran kuɗi su gaya masa an san shi. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutum fiye da 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa. 'Ya'yan talakawa ne suka mutu, 'ya'yan talakawa ne suka cika gidajen yari.

In akwai ƙwaya a ciki, irin su tiramol ko maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana tun 2018, nasiha kaɗai ba ta raba shi da ita. A kai shi sashen masu ba da shawara na hukumar NDLEA ko asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati. Kada a kai shi inda ake ɗaure yara da mari ana duka, yakan fito da ƙullin da ya fi na da. Sannan a cike masa yini da sana'a a hannun ubangida mai sa ido, walda ko gyaran waya ko kanikanci, wanda zai kira ki ranar da bai zo ba. Watanni ukun farko su ne masu wuya, abokan za su yi ta zarya, har da barazana. In da hali, ya yi su a wani gari wajen dangi.

TAMBAYA: Mu 'yan sintiri ne a wani ƙauye a Katsina. In mun kama wanda muke zargi, jama'a kan taru su ce a gama da shi. Me ya kamata?

AMSA: Sannunku da ƙoƙari, aikinku na sadaukar da rai ne. Amma ku riƙe wannan da kyau: kamawa taku ce, hukunci ba naku ba ne. A Zamfara, kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka mayar da satar shanu ta zama yaƙin da ya kai har ƙauyukanku. A Uromi ta Jihar Edo kuma, a watan Maris na 2025, mafarauta 16 'yan Arewa aka kashe a kan zargi kawai. Abin da ya yi mana ciwo da aka yi wa namu, kada mu yi wa wani.

Da kun kama mutum, uku su kewaye shi, ɗaya ya kira 'yan sanda nan take a gaban jama'a don su ji an kira. A shigar da shi gidan dagaci a rufe ƙofa, dattijo ya tsaya a bakinta. Kada a bari a yi ta ihun “ɓarawo”, kada a ɗauki bidiyonsa a watsa, kada a doke shi don ya amsa laifi, domin wanda ake duka komai aka ce zai amsa. In baƙo ne, a tambaye shi wa ya sani, a kira Arɗonsu ko sarkin tasharsu ko mai unguwarsu a tabbatar. Ku sa Fulanin yankinku a cikin sintirin, su suka fi sanin baƙon garke da baƙuwar fuska. Kisa da fyaɗe da garkuwa da mutane ba a sasanta su a zaure, na kotu ne. Ku ajiye littafi guda: sunan wanda aka kama, rana da lokaci, abin da aka samu a hannunsa, da sunan jami'in da ya karɓe shi tare da sa hannunsa. In an sake shi ba bisa ƙa'ida ba, da wannan littafin hakimi zai kai ƙara gaba.